Abubakar Imam: Malamin da ya mai da labari makaranta

Da wuya a sami dattijo a ƙasar Hausa wanda ya zauna a bencin makarantar elemantare, ko ya halarci ajin Yaƙi da Jahilci, a ce bai san Waziri Aku ba. Daga birnin Katsina zuwa garuruwan noma na kudancinta, irin su Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Mahuta, akwai 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da suka daɗe da manta sunan littafin lissafin da aka koyar da su, amma har gobe suna iya kawo labarin Kalala da Kalalatu daga farko har ƙarshe. Mai wannan aiki shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1981. An fi tuna shi da cewa shi ne jigon ƙagaggun labaran Hausa, kuma editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duka biyun haka suke, sai dai sun rage masa tsawo. Abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai shi ne ɗora ilimi iri-iri a bayan labari, kamar yadda fatake ke ɗora kaya a bayan jaki, ya kai shi gidajen da littafin darasi bai taɓa leƙawa ba. Harshe da shari'a da labarin ƙasa da sanin halittu da tarihi da siyasa, duk ta wannan hanya ya shigo da su.

Tsakanin zaure da aji

An haife shi a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake cikin lardin Kwantagora, yau kuma cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malanta ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka allo ya fara riƙewa kafin fensir. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20, ya riga shi shiga boko har ya zama malami a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A wannan kwaleji ƙanen ya yi karatu daga 1927 zuwa 1932, zamani ɗaya da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya fita aka ba shi koyar da Turanci a makarantar Midil ta Katsina.

Wanda ya tashi a gidan malamai na wancan lokaci ya san cewa koyarwa da labari ba Turawa suka kawo ta ba. Cikin littattafan da ake ƙure karatun lugga da su a zaure akwai Maƙamat na Hariri, malamin Basra wanda ya rasu a 1122. Labarai ne guda 50 na wani tsoho mai wayo da zalaƙar baki, Abu Zaid mutumin Saruj, wanda ke yawo gari-gari yana sake kama yana cin abinci da harshensa, da kuma Harisu ɗan Hammam da ke cin karo da shi ko'ina yana ba da labarinsa. Ɗalibi yana bin tsohon don ya ga dabarar da zai ɓullo da ita a gari na gaba, amma kafin ya ankara ya haddace kalmomin Larabci masu wuya, ya ratsa ta wata maƙama da aka gina kan tambayoyin fiƙihu 100, ya faɗa wata da aka gina kan sarƙaƙiyar nahawu. Lugga da fiƙihu da nahawu da tarihin Larabawa duk a ƙwarya ɗaya, labari kuwa shi ne ludayin.

A cikin gida kuma akwai tatsuniya, wadda tsofaffi mata ke yi wa yara da dare, ta Gizo da Ƙoƙi da kura. Sai dai malamai ba su ɗauke ta a bakin komai ba. A wurinsu tawada da takarda na addini ne da shari'a da tarihi da waƙar wa'azi. Turawan da suka tattara tatsuniyoyi, irin su Frank Edgar wanda ya buga mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, sun yi ne galibi don jami'an mulki masu koyon Hausa. Yaron da aka koya wa karatun boko a elemantare kuwa, da ya fita aji ba shi da wani abin karantawa da zai ja hankalinsa. Karatun da ba a yi kuma, kamar fartanya ce da aka jingine da damina, tsatsa take yi.

Gasar 1933

Wannan giɓi ne ya dami Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, wadda daga baya aka mai da ita Hukumar Talifi. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan mutanen da suke ganin rubuta abin da bai faru ba zubar da girma ne. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga: Gandoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Biyu daga cikin biyar gida ɗaya suka fito. Ƙaramin kuwa shekararsa 22 lokacin da ya rubuta nasa.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, ɗan Kwantagora, wanda ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa don ya wanke wa limamin da ya rene shi wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya yake ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Duk wanda ya karanta Hariri zai gane Abu Zaid da Harisu cikin rigunan Hausawa, kuma masu nazari sun daɗe da nuna haka. Amma abin lura shi ne wuraren da marubucin ke kai mutanensa: kasuwa, zauren alƙali, gidan kurkuku, fada, masaukin baƙi. Mai karatu yana dariya, yana kuma ganin yadda ake kai ƙara, yadda shaida ke tsayawa ko ta rushe, yadda ake cutar baƙo a ciniki, yadda mai sarauta ke yanke hukunci da fushi. Ɗan alƙali ne ya rubuta littafin, kuma a kowane babi ana jin haka.

Wata shida a Zariya

East ya ga abin da yake nema. A 1936 aka aro Imam daga makarantarsa zuwa Zariya don ya rubuta littattafan karatu na 'yan makaranta. Kamar yadda ya ba da labari a tarihin rayuwarsa, East ya tara masa littattafan hikayoyi na Turai da na Gabas don su zama masa abin dubawa, yana rubutu, suna zama su tattauna abin da ya rubuta. Cikin kimanin wata shida ya gama. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa sunan. Jari shi ne abin da ake juyawa ya haifi wani abu.

Ginin littafin na farko ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan manufar take. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma ya ƙulla makircin da zai halaka yaron da zarar ya fita daga fada. Babu abin da ya tsaya tsakanin Musa da ajali sai wani aku. Aku ba shi da takobi, ba shi da ikon hana ɗan sarki fita, kuma ya san nasiha tsirara ba ta shiga kunnen saurayi mai zafin jini. Saboda haka kullum dare, in Musa ya yi shirin fita, sai ya jefa masa labari, kafin a gama gari ya waye. Labaran ba haka kawai ake jero su ba. Sau da yawa abin da ke tsakanin yaron da tsuntsun a wannan dare shi ke jawo labarin, ko gaggawa, ko raina ƙarami, ko amincewa da wanda bai kamata ba. Haka alƙali ke yi in ya kawo misalin wata shari'a da ta gabata, haka likita ke yi in ya tuna wani majinyaci mai irin wannan ciwo. Misali guda da aka ba da shi da kyau yakan kai inda doka goma ba su kai ba.

A littafi na biyu aku ya zama waziri, aka kuma kawo masa abokin karawa, wani aku mai suna Haziƙ, suka yi gasar ba da labari a gaban sarakuna. A nan mai karatu ya tashi daga sauraro ya koma auna labari da labari, wanne ya fi tsari, wanne ya fi ma'ana. A na uku kuwa Waziri Aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar kanta, yadda ake tsara labari da yadda ake ba da shi a gaban manya. Sauraro, sannan aunawa, sannan yi da kanka. Malamin makaranta ne ya tsara wannan matakala, kuma duk wanda ya yi kwas ɗin koyarwa zai gane ta, ko da yake yaron da ke karantawa bai taɓa jin cewa darasi ake yi masa ba.

Abin da yaron ke kwashewa a hanya yana da yawa. Yana jin sunayen ƙasashe da birane da teku da jiragen ruwa tun bai ga taswira ba. Yana koyon sarautu da ladubban fada, da yadda ake rabon gado da ajiyar amana da biyan bashi. Yana tara karin magana, domin da yawa daga kanun labaran karin magana ne, labarin kuma ya zama sharhinsa. Fiye da duka, yana koyon yadda ake rubuta Hausa. Littafin ya fito daidai lokacin da ake daidaita ƙa'idojin rubutun boko, har da shigo da haruffa masu ƙugiya da ake amfani da su yau, ya kuwa zama ma'aunin da ake gwada Hausar kowa da shi. Masu nazarin nahawu a gida da waje sun daɗe suna ɗebo misalan jimloli daga cikinsa.

Maganar aro

Babu yadda za a yi tarihin Imam a tsallake muhawarar da ta fi kowace zafi a kansa. Yawancin labaran Magana Jari Ce suna da asali a wasu littattafai. Dabarar akun da ke tsare mutum da labari har gari ya waye ta fito daga wani tsohon littafin Indiya na hikayoyin aku 70, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu. Akwai labaran da suka fito daga Alfu Laila, akwai na Kalila wa Dimna, akwai na 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, wato Grimm. Labarin Sarkin Busa shi ne na mai busar garin Hamelin a Jamus, wanda aka hana shi ladansa ya janye 'ya'yan gari. Cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan al'amari akwai Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi littafi sukutum mai suna Adabin Abubakar Imam, yana ɗora labari a gefen tushensa. Wasu da suka ga haka sun ce ashe fassara ce kawai, wasu ma suka kira abin da sunan da ya fi wannan muni.

Gaskiya ne littattafan ba su zo da jerin inda aka samo kowane labari ba, kuma da a yau ne da an nemi haka. Amma Imam bai ɓoye yadda aikin ya gudana ba, ga shi kuma hanyar da hikaya ke bi ke nan tun fil azal. Kalila wa Dimna ɗin kansa daga Indiya ya taso, inda aka tsara shi don koya wa 'ya'yan sarki dabarun mulki, ya bi ta Farisa, sannan Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8. Tambayar da ta fi amfani ita ce me mai aron ya yi da abin da ya aro. A wurin Grimm, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sannan ta haɗa su faɗa don ta tsira. A hannun Imam ta zama Kalalatu matar Kalala, a gidan Bahaushe, da kunyar baƙo da girman maigida da duk abin da ke rataye da su. Kafin mutum ya iya wannan dashe sai ya san ƙasar da ya ciro irin da ƙasar da zai dasa shi, ya san abin da ke ba Bajamushe dariya da abin da ke ba Bakatsine. Shaidar cewa dashen ya kama ita ce an yi shekaru da dama mutane suna ba da waɗannan labarai a dandali da zaure a kan cewa na kakanninsu ne.

Inda suka ya fi kama shi wani wuri ne dabam. A labarai da yawa baƙauye shi ne wawa, mace ita ce mai makirci, wasu ƙabilu kuma abin dariya ne. Barkwancin zamaninsa ne, kuma wasan da ke tsakanin al'ummu ya san da shi, amma littafin makaranta yana da nauyin da hirar dandali ba ta da shi. Labari da ke iya dasa ilimi a zuciyar yaro, da sauƙin nan yake dasa raini. Malamin da ke karantar da littafin a yau, musamman a makarantar ƙauye inda 'ya'yan manoma da na makiyaya ke zaune a benci ɗaya, yana da aikin yi a nan.

Daga aku zuwa jarida

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta har 1951. Gwamnati ce ta kafa ta, cikin dalilanta har da kashe jita-jitar da ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamusawa. Kafin shekara ta ƙare Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ga edita da aka ɗora wa bayyana wa manomi da ɗan kasuwa abin da ya haɗa Ingila da Jamus, da inda Barma take, da dalilin tsadar gishiri da yadi, alhali yawancin abubuwan ko suna ba su da shi a Hausa. Dabarar aku ya sake ɗaukowa. Yakan shigo da magana ta hanyar misali da karin magana da kwatance da abin da mai karatu ya sani, sannan ya kai ga labarin. Kofi ɗaya na jaridar yakan wadaci mutane da yawa, domin mai iya karatu ne ke karantawa da ƙarfi jama'a na sauraro. Wanda ke rubutu don kunne dole ya iya ba da labari. Shafin wasiƙu kuma ya zama dandalin da matasa 'yan boko da sojojin da ke bakin daga suka fara gwada alƙalaminsu.

A 1943 yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila ana tsakiyar yaƙi, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ne ya ƙi sa hannu a takardar da Azikiwe ya tsara ta neman a sa ranar mulkin kai, abin da ya jawo masa suka daga jaridun Legas. A wannan tafiya kuma ya gana da Lugga, tsohon gwamna, suka ci gaba da musayar wasiƙu, inda ya zayyana masa koma-bayan ilimi a Arewa da yadda tsarin En'e ke danne talaka yana kuma ture matasa masu ilimi gefe. Masu zafin ra'ayi na ganin ya cika kusa da Turawa da sarakuna, wasu masu sarauta kuma na ganin jaridarsa ta cika tone-tone. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Darasin labarin ƙasa ne da zaman jama'a, amma an ba da shi a bakin matafiyi mai yawan tambaya, wanda ke auna duk abin da ya gani da ma'aunin gida.

Littafin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi nuna nisan tunanin mutumin, shi ne Ikon Allah, wanda suka rubuta tare da East. Littafin kimiyya ne, na sanin sama da ƙasa da tsirrai da dabbobi. Sunan kaɗai ya warware wata matsala da ta hana iyaye da yawa sakin jiki da boko, wato tsoron cewa ilimin Turawa zai raba yaro da imaninsa. An gabatar da binciken halitta a matsayin duban aikin Mahalicci, cikin Hausa mai daɗin ji, ta yadda dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai saurara bai ji an taɓa masa addini ba. Haka ya yi a Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, haka kuma ya yi daga baya da ya juya ga tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da bayanin aikin Hajji. Fannin ne ke sauyawa, hanyar ɗaya ce.

A yankin auduga na kudancin Katsina wannan aiki ba na nishaɗi kawai ba ne. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ga kuma injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, rayuwar manomi ta ɗaure da takarda. Wanda ya ɗauko audugarsa daga Mahuta ya kai fuloti, malamin sikeli ne zai rubuta nauyi da daraja da kuɗi, in bai iya karatu ba sai abin da aka faɗa masa. Haka rasit ɗin haraji, haka takardar bashi. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don samar da abin karantawa, koyon baƙaƙe cikin 'yan watanni bai zama matsala ba. Riƙe karatun bayan an tashi daga aji shi ne aiki. Magidancin da ya wuni a gona ba zai kunna fitila don ya maimaita ba, bi, bu ba, amma zai kunna ta don ya ji yadda Zurƙe ya ƙare da Alhaji. Wanda ya saba bin labari har shafi na ƙarshe kuwa, takardar malamin sikeli ba za ta gagare shi ba.

Abin da Imam ya yi da basira da gadon zaure, manyan jami'o'in duniya sun ba shi suna sun kafa masa sassa. Makarantar koyon shari'a ta Harvard a Amurka ta fara koyarwa da labaran ƙararraki na gaske tun 1870, makarantar kasuwancinta ta bi sahu a shekarun 1920, inda ɗalibi ke karanta labarin wani kamfani da matsalar da ta same shi ya faɗi yadda zai yi. A shekarar 2000 wata likita, Rita Charon, ta kafa shiri a Jami'ar Columbia don koya wa likitoci sauraron labarin majinyaci, ba sakamakon gwaji kaɗai ba. A nan gida kuwa baya aka ci. An killace Magana Jari Ce a darasin adabin Hausa, ana haddace sunayen taurarinsa don jarrabawa, su kuma kimiyya da aikin gona da tarihi ana ba da su jeri-jeri a allo da Turancin da yaron bai gama ji ba. Hukumomin lafiya da na noma da ke biyan kuɗi a shirya musu wasan kwaikwayo a rediyo sun fi makarantu riƙe darasin akun.

Shekarun ƙarshe

Imam yana cikin 'yan bokon da suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kuma da aka yi zaɓen 1951 ya shiga majalisa. Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma harkar littattafai, sannan ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa a daidai lokacin da ake neman 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa, aikin da ya sa da yawa daga manyan ma'aikatan farko na Arewa suka bi ta gabansa. A ƙarshen aikinsa ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, inda aikin yini duka shi ne mutum ya zauna ya ba da labarin abin da aka yi masa, a saurara, a tace gaskiya daga ciki. Ya samu lambobin girma na Ingila da na Nijeriya, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice, a 1989 kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace. Allah Ya jiƙansa da rahama.